Fitarmu ta farko zuwa ƙetare da motar tafi-da-gidanka a watan Oktoba: ina neman shawara

Sabon Matafiyi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da maiɗakina muna zaune a Ingila, kuma a farkon bana muka sayi motar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda ke da gado da murhu da ɗan ƙaramin banɗaki a ciki. Tsawonta ya kusa mita 7, kuma iyakar nauyin da aka rubuta a takardarta kilo 3,500 ne. Mun kwana a cikinta a sansanoni daban-daban na ƙasar nan a lokacin bazara, har mun saba da ita daidai gwargwado, amma ba mu taɓa tsallaka teku da ita ba. Yanzu mun samu hutun kimanin mako guda a rabin ƙarshe na watan Oktoba, muna so mu yi amfani da shi mu leƙa Faransa.

Abin da na tsara a raina shi ne mu sauka Calais, mu bi gaɓar teku har Honfleur a yankin Normandi, daga nan mu yanki gabas zuwa kwarin kogin Moselle a Jamus, tunda an ce kaka ce lokacin da ya fi kyan gani, sannan mu dawo ta Beljiyam. Maiɗakina tana ganin tafiyar ta yi yawa, ni kuma ina ganin idan an riga an biya kuɗin tsallakawa, ya kamata a ga wurare da dama.

Ina roƙon waɗanda suka riga mu sanin hanya su haska mana. Jirgin fito ya fi dacewa da sabon shiga, ko kuwa jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin teku? Shin sansanoni suna buɗe a wannan lokaci, kuma dole ne a kama wuri tun kafin a tashi? Waɗanne takardu ake bukata, kuma yaya ake yi da gas idan ya ƙare a can? Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, gaskiyar tana wurin maiɗakinka, kuma zan faɗi dalili. Daga Calais zuwa Honfleur kimanin kilomita 270 ne, daga Honfleur zuwa Trier a bakin Moselle ya kusa 600, daga can kuma zuwa Calais ya haura 450. Idan ka haɗa, ka wuce kilomita 1,200 ke nan kafin a lissafa ɓatan hanya da zagayen neman wurin kwana, a cikin motar da ba a gudu da ita, a ɓarin titin da ba ka saba ba. Mutumin da ya yi wannan a mako guda zai dawo ya san manyan tituna da gidajen mai, amma bai ga ƙasar ba.

Abin da sabon shiga ya fi mantawa da shi a kaka shi ne gajartar yini. A tsakiyar Oktoba, a arewacin Faransa, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, ta faɗi wajen ƙarfe 7 na yamma. A Lahadin ƙarshe ta watan ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga ranar kuma duhu yakan fara tun wajen biyar da rabi. Faransa tana gaban Ingila da awa ɗaya, saboda haka ranar da ka tsallaka ka riga ka yi asarar awa guda ta haske tun kafin ka taka totur. Shiga baƙon gari da daddare da mota mai mita 7, ana ruwa, ana neman wata ƙofa da ba ka taɓa gani ba, shi ne abin da ke sa wasu su rantse ba za su sake fita ba. Ni dokata ita ce tuƙi kada ya wuce awa biyu zuwa uku a yini, kuma a yada zango kafin ƙarfe 4.

Da ni ne kai, gaɓar da ke tsakanin Calais da bakin kogin Somme kawai zan riƙe. Titin D940 yana bin teku daga Calais zuwa Boulogne-sur-Mer, ya ratsa ta Cap Blanc-Nez da Wissant da kusa da Cap Gris-Nez, inda idan gari ya washe ake hango fararen duwatsun Dover na Ingila. Daga Boulogne ka gangara Montreuil-sur-Mer, tsohon gari mai ganuwa da ake zagayawa a ƙafa, sannan Le Crotoy da Saint-Valery-sur-Somme, waɗanda ke fuskantar juna a bakin kogin. Kusa da nan akwai gandun tsuntsaye na Marquenterre, kuma kaka lokacin wucewar tsuntsaye masu ƙaura ne. Duk wannan bai fi kilomita 120 daga tashar jirgi ba, ma'ana idan wani abu ya lalace ko iska ta ɓata yanayi, cikin awa biyu kana bakin hanyar gida. Idan kun ga komai yana tafiya lafiya a tsakiyar mako, Honfleur tana nan, sai ku ƙarasa ta gadar Normandi, wadda ake biyan kuɗi kafin a haye.

Game da tsallakawa, jirgin fito daga Dover zuwa Calais yana ɗaukar kimanin minti 90, zuwa Dunkerque kuma kimanin awa biyu. Jirgin ƙasa na LeShuttle daga Folkestone minti 35 ne, kuna zaune a cikin motarku, kuma guguwar kaka ba ta dame shi kamar yadda takan jinkirta jiragen ruwa. Yawanci ya fi tsada. Kowanne ka zaɓa, ka auna tsawo da tsayin motar da hannunka, har da maratayin keke a baya da duk abin da ke kan rufi, domin da wannan awon ake yanka maka tikiti. Za a bukaci ka rufe tukunyar gas kafin shiga. Ka zaɓi tsallakawar safe.

Tuƙi a hannun dama, saɓanin hagun da kuka saba a Ingila, bai kai yadda ake tsoronsa ba, domin a babban titi sauran motoci suna nuna maka hanya. Haɗarin yana zuwa ne da safe idan ka fito daga wurin kwana titi ba kowa, ko ka fito daga gidan mai, sai hannu ya koma abin da ya saba. A shataletale ana zagayawa ta dama, masu zuwa kuma daga hagunka suke. A cikin ƙauyuka ka kula da dokar da ke ba wanda ya fito daga dama fifiko ko da daga ƙaramin lungu ya fito. Alamar rawaya mai kusurwa huɗu ita ke nuna cewa titinka ne ke da fifiko. Allon sunan gari shi kansa umarni ne na sauka zuwa kilomita 50 a awa, titunan karkara kuma yawancinsu 80 ne.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Sannu da ƙoƙari Malam, a gaida Hajiya. Baba Tsohon Direba ya gama magana a kan hanya, ni zan taɓo takardu, domin su ne ke da wa'adi. Abu na farko da ba ka faɗa mana ba shi ne irin fasfon da kuke riƙe da shi. Idan na Birtaniya ne, ba ku bukatar biza don ziyarar da ba ta wuce kwana 90 cikin 180 ba, amma dole ne fasfon ya kasance an bayar da shi ƙasa da shekara 10 kafin ranar shiga, kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da za ku fito. Idan kuwa ɗayanku yana riƙe da fasfon ƙasar da ake nema wa biza, izinin zama a Birtaniya ba ya buɗe ƙofar yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ta bai-ɗaya da Faransa da Jamus da Beljiyam ke ciki, sai an nemi biza a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba, ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma akan tambayi shaidar wurin kwana. Samun ranar ganawa shi ne ke cin lokaci, saboda haka idan wannan ya shafe ku, kada ku sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Na mota kuma, ku ɗauki ainihin takardar mallaka ta V5C, da takardar inshora, da lasisin tuƙi. Tun watan Satumba na 2021 alamar UK ta maye gurbin GB a bayan mota. Ku kira kamfanin inshorarku ku tambaya a fili ko cikakkiyar kariyar da kuke da ita a gida tana bin ku zuwa ƙetare, ko kuwa mafi ƙanƙantar abin da doka ta tilasta ne kawai. Haka nan inshorar janye mota idan ta lalace: wasu suna da iyakar tsawo da nauyi, kuma mota mai mita 7 tana iya wuce iyakar ba tare da mai ita ya sani ba. Ku tanadi alwatikar gargaɗi, da riga mai ƙyalli a inda hannu zai kai ba sai an fita ba, da abin mannawa a fitilun gaba don kada haskenku ya kashe wa masu tahowa ido. Sitikar Crit'Air, wadda wasu biranen Faransa ke nema saboda hayaƙi, kuɗinta kaɗan ne a shafin gwamnatin Faransa, amma ta gidan waya take zuwa, don haka a nema da wuri, kuma a guji shafukan 'yan tsakiya masu ninka kuɗin. Katin lafiya na GHIC, wanda mazauna Birtaniya ke nunawa a asibitocin gwamnati na Turai, kyauta ne, sai dai ba ya biyan kuɗin dawo da mara lafiya gida.

Akwai abin da ke ba mutane mamaki a bakin iyaka. Tun farkon 2021 ba a yarda a shiga Tarayyar Turai daga Birtaniya da nama ko madara ko abin da aka yi da su ba, ko da a cikin firjin motarka suke. Ku tafi da busassun kaya, ku yi cefane bayan kun sauka, kuma ku tuna cewa shaguna da yawa suna rufewa ranar Lahadi da rana, na ƙauye ma har da tsakar rana a ranakun aiki.

Batun wurin kwana shi ne inda nake so ku natsu. Sansanoni da yawa a Faransa suna rufewa daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba, waɗanda suka rage kuma sukan rage ma'aikata da lokacin buɗe ofis. A gefe guda, hutun makarantun Faransa na Toussaint mako biyu ne da ke farawa a rabin ƙarshe na Oktoba, daidai lokacinku, don haka wuraren bakin teku da suka rage a buɗe sukan cika a ƙarshen mako. Abin da ke ceton matafiyi shi ne wuraren da Faransawa ke kira aire, wato filin da gari ya keɓe wa irin motocinmu, mai famfon ruwa da ramin zubar da ƙazanta, wani kyauta wani da ɗan kuɗi. Manhajojin Park4Night da Campercontact suna nuna su, tare da bayanan waɗanda suka kwana kwanan nan. Amma aire wurin ajiye mota ne a idon hukuma, ba a baza rumfa da tebur da kujeru, kuma mafi yawansu wanda ya riga zuwa shi ke samu. Kada a haɗa su da wuraren hutawa na kan babban titi, waɗanda su ma aire ake ce musu. A can ba na ba kowa shawarar kwana, musamman kusa da tashoshin jirgi. Ra'ayina shi ne ku kama sansani na sosai don daren farko da na ƙarshe, ku tabbatar ta waya ko wasiƙa cewa yana buɗe, tsakiyar kuma ku bar ta a sake.

Bakanike ya amsa:

Yallaɓai, ni kilo 3,500 ɗin nan da ka ambata ne ya tsaya mini a rai. Wannan adadi ya haɗa motar da ku kanku da ruwa da mai da gas da kaya duka, kuma shi ne iyakar abin da lasisin ƙaramar mota ya halatta ga wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1 ga Janairu 1997. Mota mai kusan mita 7 sau da yawa abin da ya rage mata na ɗaukar kaya kaɗan ne, balle ta hannu wadda mai ita na farko ya ƙara mata rumfa da batir na biyu da farantin sola. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 100 kuwa ya fi nauyin mutum guda. Ka loda ta kamar yadda za ku tafi, ku shiga ku biyu, ka kai ta sikelin awon motoci, a auna gaba dabam baya dabam. Idan ta yi nauyi, ka yi tafiya da rubu'in tanki ka cika a inda ka sauka.

Tsayi ma yana da nasa hukunci. A shingen biyan kuɗin hanya na Faransa, motar da tsayinta ke tsakanin mita 2 da 3 kuma ba ta wuce tan uku da rabi ba tana aji na 2, da zarar ta kai mita 3 ta koma aji na 3 mai tsada. Ka rubuta tsayi da faɗi da mita ka manna kusa da sitiyari, domin wuraren ajiye motoci da yawa a bakin teku suna da sandar da ke hana doguwar mota shiga.

Gas kuma, tukunyar gas ta kamfanin Calor na Ingila ba a musanya ta a Faransa, kan tukunyarsu ma dabam ne. Don mako guda mafita mai sauƙi ce: ka tafi da tukwane biyu cike, kuma su zama na gas ɗin furofen, domin gas ɗin butan yana daina tashi idan sanyi ya kusa sifiri, daidai lokacin da kake bukatar ɗumi. Na'urar ɗumama ɗaki ita ke shanye gas, girki ba ya cin komai idan aka kwatanta. Fankarta kuma tana jan batir duk dare, ga sola ba ta kawo abin kirki a Oktoba, saboda haka kada ka jera darare da yawa ba tare da ka jona wuta ba.

Idan ka jona, ka tambayi amfiya nawa ne, wato yawan wutar da aka yarda ka ja. A Ingila kun saba da 16, a can sau da yawa 10 ne ko 6, kuma amfiya 6 bai kai wat 1,400 ba, butar lantarki ta gida ita kaɗai za ta katse shi. Ka riƙe adafta mai ƙafa biyu don tsofaffin soket, da doguwar waya. Da dare numfashin mutum biyu da tururin girki suna jiƙa gilashi da bango, maganinsa a bar ƙaramar tagar rufi a ɗan buɗe ko da ana sanyi. Kada a toshe ramukan iska, kada a kunna murhu don jin ɗumi, kuma ka gwada ƙararrawar iskar kabon monoksaid mai guba kafin ku tashi. A filin ciyawa bayan ruwan sama, ka taka da ƙafa kafin ka shiga, domin waɗannan motoci masu ja da ƙafafun gaba suna saurin kafewa. A gidan mai, dizal shi ne gazole.

Mai Son Jamus ya amsa:

Ina girmama maganar Baba Tsohon Direba, amma ina so in kare Moselle kaɗan, kada Malam ya cire ta daga zuciyarsa. Tsakanin Trier da Koblenz kusan kowane ƙauye yana da wurin kwanan irin motocinmu a bakin kogi, wanda Jamusawa ke kira Stellplatz, tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce, kuma a Oktoba gonakin inabin da ke kan gangaren duwatsu sukan koma rawaya. Manyan titunan Beljiyam da na Jamus ba a biyan kuɗi a kansu ga motar da ba ta wuce tan uku da rabi ba. Gaɓar Faransa kuwa a ƙarshen Oktoba tana iya zama iska da ruwa daga safe har dare. Inda na yarda da shi shi ne ba a haɗa Normandi da Moselle a mako guda. A zaɓi ɗaya. Wanda ya zaɓi Jamus ya sani cewa yini biyu za su tafi a zuwa da dawowa, kuma Brussels da Antwerp da Gent suna da yankin taƙaita hayaƙi da ke bukatar baƙuwar mota ta yi rajista, birane da dama na Jamus kuma suna neman koriyar sitika.

Sabon Matafiyi ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Mun karanta tare da maiɗakina, kuma mun tsaya a kan gaɓar Faransa zuwa bakin Somme, Moselle kuma mun ajiye ta sai mun samu hutun da ya fi wannan tsawo. Fasfonmu duka na Birtaniya ne, Hajiya, kuma na duba ranakunsu. Zan kai motar sikeli a wannan makon. Saura tambaya ɗaya ga Baba: idan muka ƙarasa Honfleur, ya fi kyau mu koma Calais, ko akwai hanyar dawowa mafi kusa?

Tsohon Direba ya amsa:

Akwai. Jirgin Dieppe zuwa Newhaven yana ɗaukar kimanin awa huɗu, na Ouistreham kusa da Caen zuwa Portsmouth kuma kimanin awa shida, kuma dukansu sun fi Calais kusa da Honfleur. Sai dai jiragen waɗannan hanyoyi kaɗan ne a yini, idan iska ta sa aka soke ɗaya jiran yana da tsawo, alhali a Calais jirage suna tashi a kai a kai. Tunda ba ku yanke zuwa Honfleur ba tukuna, ka sayi tikitin dawowa ta Calais irin wanda ake iya sauya masa lokaci, ku kwana daren ƙarshe a wurin da bai fi tafiyar awa ɗaya daga tasha ba. Idan kuka hau titin A13 a Normandi, ka sani cewa an cire shingayen biyan kuɗi a kansa, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, kuma ana ba ka awa 72 ka biya ta intanet kafin tara ta hau.